Cibiya a Cikin Randa

Duk wanda ya shiga motar Malam Nata'ala a birnin Alƙahira ya san ba hatsari zai same shi ba, sai dai makara. A garin da kowa ke tuƙi kamar an biyo shi da bulala, shi yana tafe ne kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai, 'yan tasi na danna masa hon ta baya, yana ɗaga musu hannu yana cewa ma'alish, wato a yi haƙuri. Karatu ya kawo shi Masar daga Ringim tun yana saurayi. Nahawu ya kayar da shi sau uku a jere, ya ce ilimi rabo ne, ya kama sitiyari. Shekara ashirin da biyu ke nan yana tuƙa ma'aikatan ofishin jakadancin Nijeriya, ko fitilar mota bai taɓa fasawa ba.

Bayan tuƙi, abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne fargaba. Matarsa Rakiya takan ce da ana ba da digiri a kan zullumi, da tuni Malam ya zama farfesa. Fargabar nan kuwa wuri ɗaya take sauka, kan 'yarsu tilo, Fatimatuzzahra. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bakinsa bai taɓa furta shi ba. Kowa na cewa Zahra, shi yana cewa Uwata.

Zahra tana shekara ta uku a karatun lauya. Kullum da safe takan hau jirgin ƙasa na metro daga unguwar Ma'adi, inda suke zaune a ɗakuna biyu a bayan gidan da ofis ke kama wa manyan ma'aikatansa. Tun da garin ya rikice a 2011, Malam Nata'ala ya kafa mata doka: kira ɗaya in ta shiga tasha, ɗaya in ta fito, ɗaya in ta ga ƙofar jami'a. Ya kuma ji an ce albasa na maganin barkonon tsohuwa, saboda haka kowace safiya sai ya jefa mata guda a jaka. Shekara uku yarinya ba ta taɓa shaƙar barkonon ba, amma duk ajinsu an san littattafanta da wari.

A farkon bazarar 2014 abubuwa biyu suka haɗu. Wa'adin uwargijiyarsa Madam Comfort ya kusa cika, idanunsa kuma suka fara ganin fitilar hanya ɗaya ta zama biyu. Madam, 'yar Kafanchan ce mai Hausa kamar jakin Kano, ta ce in zai koma gida ta ba shi lungu guda a kwantenar kayanta. Ya yi kwana bakwai yana juya maganar. A rana ta takwas, suna cin abincin rana, ya ajiye cokali.

"Ƙarshen Agusta za mu tafi gida. Gaba ɗayanmu."

Rakiya ta ce, "Allah ya kai mu." Ta daɗe da ɗaure kayanta a zuciya.

Zahra ta ce, "Baba, gaba ɗaya har da wa?"

"Mu nawa ne a gidan?"

"Shekara ɗaya ta rage mini. Ɗaya tak. Dokar Masar nake karantawa, in na je Kano aji ɗaya za su mai da ni, in ma sun ɗauke ni."

"Sai ki koma aji ɗayan. Yaro da ƙuruciyarsa."

"Habboba Bakhita ta ce in zauna a wurinta har in gama."

Habboba, wato kaka a bakin mutanen Sudan. Bakhita tsohuwar Bahaushiyar Sudan ce da ke Hayyin Ashir, ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar Zahra. Jin sunan unguwar kawai ya sa Malam Nata'ala ya dafe ƙirji.

"Hayyin Ashir! Inda ba metro sai ƙananan motocin hayan nan, mikrobas? Kin san yadda 'yan mikrobas ke tuƙi? Ni na sani, ni suke zagi kullum. Ga tsohuwa ba ta ji sai an yi ihu. In gari ya sake tashi fa? In aka sa dokar hana fita kina waje fa? In iƙamarki ta zama a ƙasar ta ƙare, wa zai bi miki layi?"

"Baba, a nan fa aka haife ni. Na fi ka sanin garin nan."

"Haihuwa daban, cibiya daban," in ji shi, ya nuna taga da ɗan yatsa. "Mutum ɗan inda aka binne cibiyarsa ne. Taki kuwa a ƙasar Ringim take."

Abin da ya nuna, wata ƙatuwar randa ce a gindin katangar lambu, da bishiyar zogale tsaye a cikinta. Randar nan tana da tarihi, kuma duk Bahaushen da ya taɓa shan shayi a gidan ya ji shi aƙalla sau biyu.

A 1993 aka haifi Zahra, a hawa na shida na wani dogon bene a Ainu Shams. Da Bakhita ta gama aikinta, ta wanke cibiya ta naɗe a farin ƙyalle, ta miƙa wa uban jaririya ta ce ya je ya binne, kamar yadda ake yi a bayan ɗaki a gida. Ya sauko hawa shida. Ya duba gabas kwalta, ya duba yamma siminti. Inda ya ga 'yar ƙasa, karnuka uku ne kwance a kai suna kallonsa. Ya zaga unguwa har rana ta take, ya hau hawa shida ya dawo da ƙunshinsa a hannu, gumi na zuba.

Nan ya tuna da ƙullin mahaifiyarsa. Ranar da zai baro Ringim, tsohuwar ta ɗebi jar ƙasa daga bayan ɗakinta, kusan mudu guda, ta ɗaure masa a buhun gishiri, ta ce ya riƙa barbaɗa kaɗan a ruwan sha don kada ruwan baƙon gari ya ɓata masa ciki. Bai sha ko rabi ba. Sai ya sayo randa, ya zuba ƙasar masu furanni a ƙasa, ya juye ta Ringim a tsakiya, ya sa cibiyar a cikinta kamar gwaiduwa a ƙwai, ya rufe. Rakiya ta jefa ƙwayar zogale biyu a kai, ɗaya ta tsiro. Niyyarsa, duk ranar da Allah ya yi komawa, randar ta bi su, a fasa ta a bayan ɗakin tsohuwa, ƙasa ta koma wa ƙasa.

Daga Ainu Shams randa ta bi su Hayyin Ashir, daga can ta bi su Ma'adi. Duk tashin da za a yi, mata da 'ya suna gaban mota, shi yana baya rungume da randa, yana roƙon direba ya bi a hankali. Shekara goma sha huɗu zogalen na baranda, ɗan tsurut, bai wuce ƙugun mutum ba. Amma tun da aka sauke shi a lambun Ma'adi, shekara bakwai da suka wuce, sai ya miƙe har ya leƙa gidan maƙwabta. Malam Nata'ala ya ce albarkar ƙasar Ringim ce, da kuma guntun shayin da yake zuba masa kowace safiya da bisimilla.

Bayan maganar abincin rana, gidan ya yi tsit na sati biyu. Zahra ba ta yi musu ba, ba ta kuma yi dariya ba. Tana gaishe shi a durƙushe, tana karɓar albasarta, tana kira sau uku, amma muryar kamar ta mai karanta sanarwa a tashar jirgi. Wannan ya fi damunsa fiye da a ce ta yi masa rashin kunya. Shi ba ya son ya ja ta kamar akuya. So yake ta yarda cewa shi ke da gaskiya, ta bi shi da ƙafarta.

Wata ranar Laraba da la'asar ya dawo daga aiki ya tarar da ita a inuwar zogalen tana bitar jarrabawa da ƙarfi, Rakiya na gefe tana tsinke ganye a tire. Wata kalma ta yi ta dawowa a bakin yarinyar. Ya ja kujera ya zauna, don dai ya samu hanyar magana.

"Uwata, mene ne wannan situs da kike ta kira kamar mai kiran kaji?"

Ta ɗago. Zahra ko fushi take, in aka tambaye ta karatu sai ta manta.

"Kalmar Latin ce, Baba, yaren Rumawan da. Lauyoyi na son ta. Ma'anarta wurin da doka ta ɗauka cewa abu yana can. Ka ga, a ce mutum ya rasu a Kano, ya bar gona a Maraɗi, ya bar gida a nan Alƙahira. Kafin alƙali ya san dokar wace ƙasa zai bi, sai ya fara tambaya, kowane abu ina situs ɗinsa? Gona da gida ba sa tashi, don haka dokar inda suke ita ce a kansu. Duk abin da ya kafu a ƙasa ma, kamar rijiya ko katanga, da ƙasar ake haɗa shi."

"To abin da ake ɗauka fa? Kamar akwati, ko keken ɗinki?"

"A tsohuwar ƙa'ida, abin da ake iya ɗauka yana bin mai shi. Inda mai shi ya koma da zama, can doka ke ganin abin."

Malam Nata'ala ya gyara zama. Ya dubi randa. Ya dubi 'yarsa. Ya sake duban randa.

"Maimaita na ƙarshen nan."

Ta maimaita. Ya zaro takardar shan mai daga aljihu, ya rubuta kalmar a bayanta da ajami, ya ninke ya mayar.

Washegari, a karon farko a tarihin aikinsa, ya wuce kwanar ofis bai sani ba. Madam Comfort ta leƙo daga kujerar baya.

"Malam, yau Iskandariya za mu?"

"Ranki ya daɗe, a gafarce ni. Tambaya ce ta cika mini kai. An ce kafin ki shiga aikin nan lauya ce ke?"

"Shekara tara ina sa baƙar riga a Kaduna. Wa ka kashe?"

Ya kwashe labari ya faɗa mata, tun daga karnukan Ainu Shams. Madam ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido.

"Malam, dokar nan ta kaya ce, ba ta mutane ba. Kuma ko a kayan ma, alƙalan yanzu sun yi mata kwaskwarima."

"Na ji. Amma ita yarinyar da bakinta ta faɗa. Ni ban yi karatu ba, da nata karatun nake so in kama ta. Ki zauna mana alƙali ranar Juma'a."

"In hukunci ya faɗa kanka fa?"

"Ranki ya daɗe, sau biyu ina ɗaukar randar nan da hannuna daga unguwa zuwa unguwa. Ta ina zai faɗa kaina?"

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka jera kujerun roba a lambu. Rakiya ta kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli, wai kada kotu ta zauna da yunwa. Madam Comfort ta fito da atamfarta, ta riƙe cokalin shayi a matsayin gudumar alƙali. Can gefe Ammu Hasan, tsohon Bamisiren da ke kula da lambun tun kafin su zo gidan, yana jingine da shebur yana kallon ikon Allah. Malam Nata'ala ya sha babbar rigarsa ta Idi.

Ya miƙe, ya gyara murya, ya buɗe takardar shan mai.

"Magana uku ce. Ta ɗaya, cibiyar Uwata tana cikin randar nan, a tsakiyar ƙasar Ringim. Akwai mai musu?"

Ba mai musu.

"Ta biyu, randa tawa ce, kuma abin ɗauka ce. Ta uku, ni na tashi, Ringim na nufa. Abin ɗauka yana bin mai shi. Ashe ke nan," ya duba takarda, "situs ɗin randa Ringim ne. Cibiya na bin randa, mai cibiya na bin cibiya. Khalas, magana ta ƙare."

Ya zauna yana huci kamar wanda ya ture mota.

"Lauyar da ake ƙara," in ji Madam, "me za ki ce?"

"Anti, ni dai ba akwati ba ce, ba keken ɗinki ba ce. Wannan ƙa'ida..."

"Ban ce ke kaya ba ce," Malam ya katse ta. "Al'ada ta ce mutum na inda cibiyarsa take. Dokarki ta faɗi inda cibiyar take. Ni haɗa su kawai na yi."

"Wallahi Malam ka yi asarar kanka a tuƙi," in ji Madam. "To ku tsaya. Kotun nan ba ta da ɗan sanda. Sai in kun yarda tun yanzu, ku biyun, duk inda randa ta faɗa, nan Zahra ta faɗa. Malam?"

"Na yarda, da shaidar Allah."

"Zahra?"

Zahra ta buɗe baki za ta ƙi. Rakiya, ba tare da ta ɗago daga kwanon kwaɗo ba, ta taka mata ɗan yatsan ƙafa.

"Yarda mana, 'yar nan. Ana jayayya da uba ne?"

Yarinyar ta dubi uwarta da mamaki, idonta ya kawo ruwa, ta ce a hankali, "Na yarda."

Malam Nata'ala ya ji wani sanyi a ransa. Ashe Rakiya tana bayansa.

"Saura abu ɗaya," in ji Madam. "A kotu ba a cewa abu na ɗaukuwa da baki. Ga randa, ga mai ita. Ɗaga mu gani."

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Rakiya, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya yafuto Ammu Hasan. "Yalla, kama can." Tsohon ya ajiye shebur, ya zo ya ɗora hannu a bakin randar kamar mai gaisawa da maras lafiya.

"Bismillahi. Ɗaya, biyu, uku!"

Ganyen zogale ya kaɗa. Randa ba ta motsa ba.

"Jiƙa ta yi, shi ya sa ta yi nauyi. Ya Hasan, kai ma ka sa ƙarfi mana, ba hoto ake ɗauka ba."

Suka sake. Wani abu ya ce ƙas a bayan Malam Nata'ala, hularsa ta faɗi cikin randa. Ya gwada turawa, ya gwada jijjigawa, ya sa kafaɗa. Kamar mai kokawa da dala.

"Malam, a kawo man zafi?" in ji Rakiya.

"Ki bar ni!"

Ammu Hasan ya ɗauko shebur, ya tone gefen randar sau huɗu, ya durƙusa ya share ƙasa da tafin hannu. "Zo ka gani, ya Hajj."

Gindin randar ya daɗe da fashewa. Ta cikin fashewar wata saiwa ta fito, kaurinta ya kai damtsen mutum, ta nutse cikin baƙar ƙasar lambun, ta rarrabu ta yi gabas da yamma, har wata ta bi ƙarƙashin katanga.

Malam Nata'ala ya daɗe a tsugune.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyar, ko shida," in ji Ammu Hasan.

"Ka sani ba ka faɗa mini ba?"

"Kai ka ce mini shayi ne da bisimilla. Ni wane ne da zan shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa?"

Ya juya ga matarsa. "Ke ma?"

"Shekarar da ka tafi Umra, sati uku na manta ban ba shi ruwa ba. Ko ganye ɗaya bai yi yaushi ba. Na ce lallai wannan ya samu gidan cin abinci a waje."

Zahra ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa, ba a san dariya take ko kuka ba. Madam Comfort ta buga cokali a kofi.

"Kotu ta gani da idonta. Abin da ya kafu a ƙasa, da ƙasar ake haɗa shi. Bishiya ta kafu, ta riƙe randa, randa ta riƙe cibiya. Situs ɗinsu Ma'adi, birnin Alƙahira. Malam, ka yi haƙuri, da sandarka aka doke ka."

Malam Nata'ala bai tashi ba. Shi a lokacin ba randa yake gani ba. Mikrobas yake gani ta taho a guje, da hayaƙi a ƙofar jami'a, da shi a Ringim yana ta kiran waya ba a ɗauka ba. Ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ya Hasan, kawo zarto."

Dariya ta ɗauke. Tsohon ya dubi Madam. Ya tafi ɗakin kayan aikinsa ya dawo da zarto, ya miƙa ta ƙota.

"In ka yanke, za ta ɗauku, ya Hajj. Gaskiya ne. Amma duk abincinta ta nan take sha yanzu. Ga kwana arba'in a cikin kwantena ba rana. Wataƙila ta kai, Allah mai iko ne. Ni dai ban taɓa gani ba."

Malam Nata'ala ya ɗora haƙoran zarto a kan saiwar. Zahra ta taso ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, wasa ne fa duk wannan. Ba kotu ba ce. In ka ce in bi ka, zan bi ka, ko da randa ko babu. Ka bar bishiyar kawai."

Da ta yi gardama, da ya yanke. Wannan maganar ce ta sa hannunsa ya yi nauyi. Ya dubi inda shebur ya tone. Ta bakin fashewar jar ƙasar Ringim tana zubowa kaɗan-kaɗan a kan baƙar, har yanzu da jarta, shekara ashirin da ɗaya. Ya tuna hannun da ya ɗebo ta. Tsohuwar nan ba ta san inda Masar take ba, ta ɗauka bayan Makka ce. Shi kaɗai ne ɗanta namiji. Da ta ce kada ya tafi, da bai tafi ba. Sai ta shiga bayan ɗaki ta daɗe, ta fito da jan ido da buhun gishiri, ta ce ya riƙa barbaɗawa a ruwa.

Ya ɗauke zarton daga saiwar. Ya miƙe da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ya zaga bishiyar yana dubawa, ya zaɓi wani reshe miƙaƙƙe mai kaurin taɓarya. Zogale ba shi da taurin kai, ja biyar ya faɗo. Ya sassabe ganyen ya miƙa wa Rakiya, ya riƙe sandan.

"Ranki ya daɗe, wannan fa? Ina nasa situs ɗin?"

"Wannan kam abin ɗauka ne, Malam. Yana bin mai shi."

"To alhamdu lillahi, ban fita kotu hannu rabbana ba." Ya juya ga tsohon. "Zai kama?"

"Zogale? Ko a kan kabari ka soka shi sai ya yi ganye. Ka naɗe gindin da jiƙaƙƙen tsumma, ka tafi da shi a jirgin sama, ba a kwantena ba."

"In 'yan kwastan sun tambaya," in ji Rakiya, "ka ce sandar tsufa ce. Yadda kake tafiyar nan ba wanda zai musa."

Bai kula ta ba. Ya nuna Zahra da sandan.

"Shekara ɗaya. Ba ɗaya da wata ɗaya ba. Kira uku yana nan, sai dai yanzu huɗu ne, har da in kin shiga gida. Mikrobas, ba kya zama a gaba, ba kya zama a bakin ƙofa, in kin ga direban yaro ne ki jira ta baya. Kowace Juma'a ki zo nan ki ba bishiyar nan ruwa."

"Ba ta buƙata, ya Hajj," in ji Ammu Hasan.

"Ba da kai nake ba. Ta zo, ka gan ta da idonka, ka kira ni ka ce ka gan ta."

"Tamam."

Zahra ta kama hannunsa da hannu biyu ta sunkuyar da kai. Shi ma ya kau da fuska, ya ce ƙurar zarto ce ta shiga masa ido. Sannan ya aiki Rakiya ta kawo masa leda. Ya tsuguna a bakin ramin, ya cika ta da baƙar ƙasar lambun, ya ƙulle.

"Wannan kuma ta mece ce?" in ji Rakiya.

"Reshen nan ɗan Alƙahira ne. Kada ƙasar baƙon gari ta ɓata masa ciki."

Ammu Hasan ya mayar da ƙasa ya rufe saiwar, ya daddanna da ƙafa. Madam ta ce kotu ta tashi, a miƙo mata sauran kwaɗon. Malam Nata'ala kuwa ya zaro hularsa daga cikin randa, ya kakkaɓe, ya ce wa Rakiya gobe da sassafe za shi kasuwa kafin aiki.

"Sayen me?"

"Albasa. Buhu guda zan kai gidan Bakhita. In ta riƙa ɗaukar ɗaya kullum, zai kai ta watan shida."

"Sauran wata shidan fa?"

Ya tsaya, fuskarsa ta canza, ya fara lissafi da yatsu.

"Buhu biyu," in ji shi.